Yadda Ake Ajiye Babbar Waya A Koma Ƙarama Ba Tare Da Harkoki Sun Tsaya Ba

Da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaura niyyar rabuwa da babbar waya ba sa cika mako guda. Ƙananan buƙatu ne ke mayar da su. Za a tura wa wani kuɗi, manhajar banki kuwa tana cikin wayar da aka ajiye. Famfo ya fashe, lambar mai gyara tana can. Makarantar yara ta sauya ranar komawa, a guruf kaɗai aka sanar. Sai mutum ya ce bari ya kunna na minti biyu, kafin ya ankara an kira la'asar yana kan kallon bidiyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan aiki yana son mako guda na shiri, sannan kwana 30 na gwaji, kuma yawancin wahalar a makon shirin take.

Fara da ganin adadin da idonka

Kafin ka sayi komai, shiga saitin wayar. A Android nemi wurin da aka rubuta Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time. Google da Apple sun sanya su tun 2018. Ɗauki biro ka rubuta abu uku na kwana bakwai da suka wuce: awa nawa a rana, sau nawa ka buɗe wayar, da manhajoji ukun da suka fi cinye lokacin. Kada ka yi kintace, domin ƙiyasin mutane ba ya cika dacewa da gaskiya. Awa biyar a rana ita ce awa 35 a mako, wato kusan kwana 76 cur a shekara, dare da rana.

Wannan takarda ce za ta nuna maka girman maganin da kake buƙata. Idan manhaja ɗaya ce ta cinye fiye da rabin lokacin, gwada ƙaramin magani tukuna: goge ta, kashe duk wata sanarwa in ban da ta kira da saƙon tes, mayar da fuskar wayar fari da baƙi, ka daina kwana da ita a ɗaki. Wasu hakan ya ishe su. Amma idan ka goge TikTok ko Facebook sau uku kana sake saukewa, idan kana sa iyakar lokaci kana cirewa da hannunka, idan ka sha yin dare a kai har asuba ta kuɓuce maka, to ragewa ta riga ta gaza, sai raba jiki.

Dalilin gazawar a ƙirar manhajojin yake. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce wani masanin halayya a Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa tattabarar da ake ba hatsi ba bisa tsayayyen ƙa'ida ba, wani lokaci ta samu wani lokaci ta rasa, ta fi naci wajen saran maɓalli, kuma ta fi wuyar dainawa. Haka shafa fuskar waya yake: bidiyo tara ba su da wani daɗi, na goman ya ba ka dariya, ba ka kuma san wanne ne na goman ba. Ƙari a kan haka shafin ba ya ƙarewa. Littafi yana da ƙarshen babi, shirin rediyo yana da sallama, amma jerin bidiyon nan an gina shi ne ba tare da wurin tsayawa ba. Wanda zai yi kokawa da wannan sau ɗari a rana, ko ya yi nasara sau casa'in da tara, faɗuwa ɗaya ta isa ta cinye masa dare. Ƙaramar waya tana ɗauke kokawar ne gaba ɗaya.

Wace ƙaramar waya za ka saya

A nan ake yin kuskuren farko. Mutum ya je Farm Centre a Kano ko wata kasuwar waya, mai shago ya nuna masa mai madannai wadda “har Facebook tana yi”, ya ga ai ya tsinci dami a kala. An gudu ba a tsira ba ke nan. Wanda ya saba, ko a fuska mai faɗin kwalin ashana zai yi awa biyu yana karanta cece-kuce. Nemi wadda ba ta hawa intanet sam. Idan kuma tana da manhajar shiga intanet irin Opera Mini ko makamancinta a ciki, kada ka sa data a layin, ka kashe data daga saitin tun ranar farko.

Abubuwan da suka kamata ka duba kaɗan ne. Ta zama mai layi biyu. Ta zama tana da gurbin memori, domin karatu da wa'azi da duk abin saurare a nan za su zauna, wasu nau'o'in Nokia 105 kuwa ba su da wannan gurbi, don haka buɗe bayan ka gani da idonka. Ta zama da rediyo da tocila. Ta zama da Bluetooth, zai sauƙaƙa maka kwashe lambobi. Duba bakin caja ya zama irin wanda ake samu ko'ina. Nokia, Itel da Tecno duk suna da irin waɗannan, kuma batirinsu kan yi kwanaki kafin ya nemi wuta, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne a inda wutar ke zuwa yadda ta ga dama. Jabu sun yi yawa, musamman masu sunan Nokia. Danna *#06#, lambar da ta fito, wato IMEI, lambar shaidar wayar, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali da wadda ke ƙarƙashin batir. Idan sun saɓa, ajiye. Kafin ka bar shagon sa layinka ka kira wani, ka ji ko murya na fita sosai ta ɓangarorin biyu, domin lasifikar kunne da makirfo kan ba da matsala a masu araha.

Sai batun girman layi. Babbar waya tana cin ɗan mitsitsin layi, ƙananan wayoyi da yawa kuwa babban gurbi gare su. Za ka buƙaci ɗan firam ɗin roba da ake ɗora layin a ciki, masu gyaran waya suna da shi. Hattara da abu ɗaya: kada ka taɓa zura firam ɗin ba layi a ciki, kada kuma ka fizgo shi da ƙarfi in ya maƙale. Bakinsa kan kama 'yan siraran ƙarafan da ke karanta layi ya karya su, gurbin ya mutu ke nan. Wanda layinsa na cikin waya ne, wato eSIM, sai ya je ofishin kamfanin da lambar NIN ɗinsa a mayar masa da shi na kati.

Makon shiri: lambobi

Kada ka kwashe lambobi dubu zuwa ƙaramar waya. Neman suna a cikinsu da madannai azaba ce. Zauna ka zaɓi waɗanda ka kira ko suka kira ka a wata uku da suka wuce, ka ƙara da na gaggawa: likita ko kemis ɗin unguwa, mai gyaran wuta, mai ruwa, malamin yara, mai unguwa, mai adaidaitar da ka saba da shi. Da wuya su wuce tamanin.

Hanya uku ce. Ko ka kwafe su zuwa kan layi, ko ka tura ta Bluetooth, ko ka fitar da su a fayil mai ƙarewa da vcf ka sa a memori, idan ƙaramar wayar tana karɓa. Layi yakan ɗauki lamba wajen 250, amma yana yanke dogon suna, kuma lamba ɗaya yake riƙewa ga kowane suna, don haka mai lamba biyu ɗayar za ta ɓace ba ka sani ba. Sunayen da ka rubuta da ƙ, ɗ, ɓ ko da haruffan Larabci sukan fito kamar ƙananan akwatuna a wasu wayoyin, gyara su zuwa haruffan da wayar ta sani kafin ka tura. Sauran lambobin bar su a asusunka na Google, za ka same su a kwamfuta. Sannan ka sayi ɗan littafi ka rubuta guda ashirin mafiya muhimmanci da biro.

Banki

Nan ne mafi yawan masu gwaji ke faɗuwa, don haka a tsaya a yi shi da kyau. Kusan duk abin da manhajar banki ke yi na yau da kullum, tura kuɗi, duba abin da ya rage, sayen kati, biyan kuɗin wuta, lambar dannawa tana yi ba tare da data ba. A Najeriya GTBank *737# ne, First Bank *894#, Access *901#, UBA *919#, Zenith *966#, Jaiz *773#, OPay *955#. Idan naka ba ya cikin waɗannan, tambayi reshe ko ka duba takardunsu, kada ka karɓa daga bakin wanda ya kira ka a waya yana cewa daga banki yake.

Lambar tana aiki ne kawai daga layin da aka yi wa asusun rajista da shi, wato wanda alat ke shigowa. Idan wancan layin ya ɓace ko yana hannun wani, gyara wannan a banki tukuna. Za a nemi ka ƙirƙiri lambar sirri, galibi da taimakon lambobin ƙarshe na katin ATM. Yi rajistar tun babbar wayar tana hannunka, ka tura wa wani naira ɗari don gwaji, ka sa ya dawo maka da ita. Akwai iyakar abin da za ka iya turawa a rana, ta kuma bambanta daga banki zuwa banki, saboda haka mai manyan hada-hada ya tambayi iyakarsa ya kuma san yadda zai yi da abin da ya haura. Ana cajin naira 6.98 a kan kowane zama, wato duk lokacin da ka danna lambar, kuma tun tsakiyar 2025 aka koma cirewa daga katin waya, ma'ana in layinka ba kati, turawar ba za ta tafi ba ko da asusunka cike yake. Bar ko da naira ɗari biyu a layin kullum. Zaman kuma gajere ne, idan ka tsaya laluben lambar asusu zai yanke, ka sake biya. Rubuta lambar asusun a takarda a gabanka kafin ka fara danna komai.

Wata matsalar ita ce rasit. Mai shago ya saba a nuna masa hoton shaida a fuskar waya, kai kuwa ba ka da shi. Nuna masa saƙon cirewa da banki ya turo maka, ko ka jira alat ɗinsa ya shiga, ko kuma ka riƙa yawo da katin ATM da 'yan tsabar kuɗi, ga masu POS ko'ina. Idan kai ne ake biya, kada ka dogara da saƙon tes kaɗai, ana ƙirƙirar na bogi. Danna lambar bankinka ka ga kuɗin sun shiga.

Sannan ka kulle layin kansa. Ƙaramar waya ba ta da makullin yatsa ko na fuska, kuma ɓarawon waya layin yake nema, domin da shi ake shiga asusu. A saitin tsaro akwai wurin sa wa layi lambar PIN, ta yadda duk wanda ya cire shi ya sa a wata waya sai an tambaye shi. Za a fara neman lambar da layin ya zo da ita daga kamfani. Idan ba ka san ta ba kira 300 ka tambaya, kada ka yi ta cankar lamba. Kuskure uku zai rufe layin sai da PUK, wato lambar buɗe layi ta kamfani, kuskure goma a PUK kuwa ya kashe shi ɗungurum. Nemi kuma lambar da bankinka ya ware don rufe asusu daga kowace waya idan an yi sata, ka rubuta a littafin nan. Ga mutanen Nijar abin ya fi sauƙi ta wannan fuska, tunda aika kuɗi ta ofisoshin Nita ko Amana ba ya buƙatar babbar waya, asusun kuɗi na waya na kamfanonin sadarwa ma da lambar dannawa suke aiki.

Sauran lambobin layi a Najeriya an haɗe su tun 2023, iri ɗaya ne a kowane kamfani: *310# duba kati, *311* sai lambar katin sai # don sakawa, *303# rance. Aika STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla.

Imel da sauran asusu

Idan Google ya saba tura maka tambaya a fuskar waya duk lokacin da za ka shiga daga kwamfuta, ranar da wayar ba ta kusa ka makale. Shiga saitin tsaron asusun, ƙara lambar layinka don a riƙa turo lambar shiga ta tes, sannan ka fitar da lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa, ka rubuta su a takarda. Kowace sau ɗaya take aiki. Idan kana amfani da manhajar da ke fitar da lambobin shiga masu sauyawa, kamar Google Authenticator, jera duk asusun da ke jingine da ita ka sauya musu hanya ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikaci ya tambayi sashen kwamfuta na wurin aikinsa ko suna da wata hanyar.

Akwai wani tarko da ba a cika sani ba. Mai iPhone ya kashe iMessage kafin ya cire layi, mai Android kuma ya kashe RCS a manhajar saƙonni ta Google. In ba haka ba, saƙonnin wasu mutane za su ci gaba da bin hanyar intanet zuwa wayar da ke kashe, su suna ganin sun aika, kai ba ka ga komai ba.

WhatsApp

Shi ne ƙashin bayan lamarin, domin a nan ake sanar da rasuwa, ɗaurin aure, suna, taron dangi da aikin ofis. Ƙananan wayoyi masu manhajar KaiOS sun taɓa yin WhatsApp, amma kamfanin ya janye daga kansu, don haka kada mai shago ya sayar maka da tsohuwa a kan wannan alkawari.

Abu biyu ya kamata ka sani. Na farko, WhatsApp yana ci gaba da aiki da lambarka a babbar waya ko da ka cire layin, muddin ta samu intanet ta wata hanya. Na biyu, kana iya haɗa shi da kwamfuta, amma idan babbar wayar ta yi kwana 14 ba a hau da ita ba, kwamfutar za ta fita da kanta. Asusun da aka bari kwana 120 ba a taɓa ba kuma ana iya goge shi. Daga nan tsari ya fito: mai kwamfuta ya haɗa, ya riƙa dubawa sau ɗaya a rana a kan tebur, a ƙayyadadden lokaci, ya kunna babbar wayar sau ɗaya a mako don kada haɗin ya tsinke. Marar kwamfuta ya ware zama biyu a mako, na minti talatin-talatin, a gidan wanda zai ba ajiyar babbar wayar, da intanet ɗin mai gidan.

Kafin ranar sauyawa, sauya hotonka na WhatsApp da rubutu a farar takarda: “Ba na ganin saƙo a nan kullum. Idan da gaggawa a kira ni.” Hoton ya fi saƙon amsa-kai na WhatsApp Business amfani, domin wancan ba ya fita sai wayar tana kan intanet. Fita daga duk guruf ɗin da ba wanda zai lura ka fita. A waɗanda suka zama dole, na dangi, na makaranta, na aiki, nemi mutum ɗaya a kowanne ka roƙe shi baki da baki: “Yaya, don Allah in an sanar da rasuwa ko taro, ki yi min filashin, ni zan kira.” Kai za ka ɗauki kuɗin kiran, kada ka ɗora wa mutane nauyin shawararka. Iyaye da manya kuwa je ka gaya musu da kanka, kada su ga shiru su ɗauka fushi ne. A saitin WhatsApp kunna lambar sirri ta mataki biyu, ka yi ajiyar hirarraki, ka kwashe hotuna zuwa kwamfuta ko memori.

Ranar sauyawa, da inda wayar za ta kwana

Zaɓi ranar da ba ka da tafiya ko babban ciniki, da safe, ba da dare ba. Cire layi, sa a ƙarama, gwada kira, tes da lambar banki. Caja babbar zuwa wajen rabi sannan ka kashe ta, domin batirin irinta ya fi daɗewa lafiya idan an ajiye shi a rabi, ba a cike ba kuma ba a ƙarshe ba, kuma a wuri mai sanyi.

Kada ta kwana a gidanka. Durowar gefen gado ba ajiya ba ce, akwatin da makullinsa ke aljihunka ma haka. Sha'awar tana zuwa ne kamar guguwa, ta yi ƙarfi na 'yan mintoci ta lafa, abin da ake buƙata shi ne tazarar da ta fi waɗannan mintoci tsawo. Kai ta gidan yaya, ko ƙanwar uwa, ko aminin da kake jin nauyinsa, inda sai ka sa takalmi ka yi sallama kafin ka karɓa. Faɗa masa ranaku da lokutan da za ka riƙa karɓa, ka kuma ba shi izinin ya hana ka a wajensu. Kada ka ba matarka ko mijinki wannan aiki. Wayar tana cikin gida ke nan, kuma kun mayar da zaman aure na mai gadi da ɓarawo. Kada kuma ka sayar da ita yanzu. Wanda ya sayar a cikin zafin niyya, ya ga wata buƙata ta taso a mako na biyu, sabuwa yake saya, ya yi asara biyu.

Abin da za ka ji, da abin da za ka sa a gurbin

Kwanakin farko hannu zai yi ta kai kansa aljihu. Za ka ji kamar waya ta yi motsi alhali ba ta yi ba. Za ka ciro ƙaramar ka kalle ta, ka shiga saƙonni, ka fito, ka mayar. Akwai ƙunci da saurin fushi, da jin cewa ana can ana wani abu ba ka sani ba. Sabo ne, kuma yana raguwa idan ba a ciyar da shi ba. Gaya wa mutanen gida tun da wuri don su yi maka uzuri.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne awannin da suka dawo hannunka ba ka shirya musu komai ba. Koma kan takardar farko ka duba lokutan da ka fi danne-danne. Galibi uku ne: farkawa, zaman jira, da bayan isha'i. Kowanne sa masa takamaiman abu, ba niyya kawai ba. Na farkawa, agogon ƙararrawa da Mus'hafi ko littafi a inda wayar ke kwana da. Na jira, a layin mai ko asibiti ko cikin mota, rediyon ƙaramar waya, wanda a wayoyi da yawa sai an sa abin kunne yake kamawa domin igiyarsa ce eriya, ko memori da aka cika da karatu da darussa. Masu tura abubuwa a kasuwa za su cika maka, amma sayi memorin da bai wuce gig 32 ba, ƙananan wayoyi da yawa ba sa karanta wanda ya fi haka, kuma ka ce sauti kaɗai kake so. Labarai kuwa BBC Hausa, DW, RFI da tashoshin gida irin su Freedom da Rediyon Tarayya na Kaduna sun ishe ka, kuma kowane shiri yana da lokacin da yake ƙarewa.

Bayan isha'i shi ne mai wuya, a nan ake komawa ruwa. Wannan lokaci yana son mutane: makarantar dare, majalisar ƙofar gida, hira da yara, zagayen unguwa da ƙafa, ziyarar wanda ka daɗe kana gaisawa da shi ta rubutu kawai. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda ya bar guruf ɗin dangi ya fi kowa buƙatar ya taka. Ka kira mutum biyu a rana da murya. Idan za ka yi tes, ka sani saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma harafi mai lanƙwasa ko ɗaya ya shiga, sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku.

Hanyoyin da sabon ke dawowa sanannu ne. Aron wayar mata ko ta yaro “don duba abu ɗaya”. Mayar da kwamfuta kan gado. Kwana gaban talabijin. Dokar kwamfuta ita ce tebur da kujera da agogo, ba ta shiga ɗakin kwana. Idan ka faɗi rana ɗaya, mayar da wayar gidan ajiya a ranar, ka rubuta a littafin nan abin da ya sa ka ɗauko ta. Idan buƙata ce ta gaske, nemo mata hanya. Idan kaɗaici ne, gyaran a jadawalin dare yake.

Wanda abincinsa ke cikin waya

Mai sayar da atamfa ko turare ta hoto, mai ɗaukar fasinja ta manhaja, ɗalibin da ake turo wa darasi a guruf, ba za su iya ajiye ta ɗungurum ba, kuma ba daidai ba ne a ce su yi. Nasu tsarin shi ne wayar ta zama kayan shago kamar sikeli. Layin kasuwanci a babba, layin gida a ƙarama. Babbar tana da lokacin buɗewa da na rufewa, a rubuta shi a bayanin shafin don abokan ciniki su sani, tana kuma kwana a shago ko a kulle a wajen ɗakin kwana. A goge duk manhajar da ba ta kawo ciniki. Wadda ake tallar kaya a cikinta, a shiga a ɗora hoto, a amsa masu tambaya, a fita, ba a leƙa shafin farko.

Akwai kuma wanda waya ba ita ce asalin ciwonsa ba. Idan caca ce ke riƙe da kai, ƙaramar waya ba za ta hana ba, tunda ana zuba kuɗin ta lambar banki, ga kuma shagunan a bakin titi. Idan bayan mako biyu ko uku baƙin ciki ya ƙaru, barci ya ƙi, abinci ya fita a rai, ko tunanin cutar da kai ya zo, to wayar tana rufe wani abu ne, je ka ga likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware, da sashen masu wannan fanni a asibitocin koyarwa, suna ganin masu damuwa da rashin barci kullum.

Bayan kwana 30

Ɗauko littafin ka duba sau nawa ka buƙaci babbar waya da gaske, kuma don me. Idan buƙatun ba su wuce abin da zaman mako-mako ke ɗauka ba, ci gaba a haka wata uku kafin ka yanke shawarar sayarwa. Idan ka ga dole ta dawo, ta dawo ba layi a cikinta, ba manhajojin nan uku na takardar farko, ƙaramar kuma ta ci gaba da zama ta aljihu.

In sayarwa za ka yi, bi wannan jeri. Tabbatar hotuna da lambobi sun fita kuma suna buɗewa a inda ka kai su. Ka tuna WhatsApp na kwamfuta zai mutu bayan mako biyu in ba wata babbar waya da ke riƙe da asusun, don haka sanar da mutane. Fita daga manhajojin banki. Cire asusun Google daga saiti, ko a iPhone ka kashe Find My ka fita daga iCloud, sannan ka yi gogewar da ke mayar da waya yadda ta fito daga kamfani. Idan ka goge ba ka cire asusun ba, wayar na iya kullewa a hannun mai saye, ya dawo yana neman lambar sirrinka. Zare memori, duba gurbin layi na biyu, ka rubuta lambar IMEI da sunan wanda ya saya a takardar ciniki, kowa ya riƙe kwafi.